Tsakuwar ƙoda: Ciwon da ke biyo zafin rana a Dogon Dutsi da Tibiri, da hanyoyin kauce masa

Yawanci da tsakar dare abin yake farawa, ko kuma da yamma lis bayan mutum ya dawo daga gona ko tasha. Ciwo ne zai soki kwiɓi guda, ta baya ƙasan haƙarƙari, ya riƙa murɗawa yana saki, sannan ya gangaro mara har matsematsi. Zama ya gagara, kwanciya ta gagara. Magidancin da ya saba wuni yana huɗa ba ya cewa wash, sai a gan shi yana birgima a tabarma, gumi na zuba, amai na biyo baya. In ya samu ya yi fitsari, sai ya fito kaɗan, da zafi, wani lokaci ja kamar ruwan da aka wanke nama.

A ƙauyukan ƙasar Arewa ta Jamhuriyar Nijar, wato gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri a jihar Dosso, kafin gari ya waye an ba ciwon suna uku ko huɗu. Wani ya ce sanyi ne, wani ya ce basir, wani ya ce zahi ne ya taso, wata tsohuwa kuma ta yi ƙasa da murya ta ce a bincika ko jifa ne. A jiƙa kanwa, a dafa saiwa, a aika yaro wurin mai tallar ƙwayoyi. Idan abin ya ƙi, sai a buga waya ga ɗan da ke Yamai, Legas, Abijan ko Libiya, a ce ya aiko da kuɗin magani.

Sau da yawa abin da ke bayan wannan tashin hankali bai wuce girman ƙwayar dawa ba. Tsakuwa ce da ta taru a cikin ƙoda, ta ɓalle ta maƙale a hanyar fitsari. Masu cewa zahi ne kuwa ba su yi nisa da gaskiya ba, domin zafin rana da ƙarancin shan ruwa su ne kan gaba wajen haddasa ta.

Yadda tsakuwa ke taruwa a jiki

Kowane mutum yana da ƙoda biyu, kowace kamar dunƙulen hannunsa. Aikinsu tace jini. A yini guda suna tace ruwan da ya kai lita 180, su mayar da kusan duka cikin jiki, su fitar da lita ɗaya zuwa biyu a matsayin fitsari. Cikin wannan fitsari akwai gishiri iri-iri da jiki ba ya buƙata, kamar kalsiyam, okzalet, fosfet da yurik asid.

Wanda ya taɓa ganin yadda mata ke dafa gishiri a ƙasar Fogha zai gane sauran bayanin. Ana ɗora ruwan gishiri a wuta, ruwan yana ƙonewa, gishirin yana daskarewa a gindin tukunya. Haka yake a ƙoda. Idan ruwa ya yi ƙaranci a jiki, fitsari yakan yi kauri, sinadaran nan su fara haɗuwa su zama ƙananan ƙwayoyi kamar rairayi. Cikin makonni ko watanni, rairayin ya zama tsakuwa.

Muddin tana kwance a cikin ƙoda, tana iya shekara ba a san da ita ba. Rikici yana tashi ne ranar da ta faɗa siririn bututun da ke kai fitsari daga ƙoda zuwa mafitsara. Tsawonsa santimita 25 zuwa 30 ne, faɗinsa kuma bai fi milimita 3 zuwa 4 ba. Da ta toshe shi, fitsari ya taru a baya, ƙodar ta kumbura, bututun ya riƙa matsewa yana neman tura ta. Wannan shi ne murɗawar da mai ciwo yake ji.

Tsakuwar iri huɗu ce. Mafi yawa, kusan takwas cikin goma, ta kalsiyam ce, galibi haɗe da okzalet. Akwai ta yurik asid, wadda ta fi kama masu ƙiba, masu ciwon suga da masu yawan cin nama. Akwai wadda ƙwayoyin cutar sanyin fitsari ke haddasawa. Ta fi yawa ga mata, kuma takan girma da sauri har ta cika cikin ƙodar ta yi rassa. Ta huɗu, ta sistin, gado ce kuma ba ta da yawa.

Ciwon tsoho ne. A 1901 an gano tsakuwar mafitsara a wani kabari a Masar mai shekaru fiye da 6,000. Likitan nan na Andalus, Abul Ƙasim al-Zahrawi, wanda ya rasu wajen shekarar 1013, ya yi bayanin yadda ake fitar da ita a littafinsa na likitanci. A yau ana ƙiyasta cewa mutum ɗaya cikin goma zai gamu da ita a rayuwarsa, kuma a ƙasashe masu zafi irin su Saudiyya adadin ya fi haka.

Me ya sa ƙasar Arewa take cikin haɗari?

Dogon Dutsi tana kan babbar hanyar RN1, kimanin kilomita 270 gabas da Yamai. Tibiri, wadda aka ware ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, tana kudu da ita, dab da iyakar jihar Kebbi ta Najeriya. Ƙidayar 2012 ta nuna mutanen gundumomin biyu sun haura 600,000, akasarinsu manoma da makiyaya.

Masana cututtukan fitsari suna da wani yanki da suke kira zirin tsakuwa, wanda ya ratsa daga Afirka ta Sahel da Sudan da Masar, ya bi ta ƙasashen Larabawa har Pakistan da Indiya. Abin da ya haɗa waɗannan wurare shi ne zafi da bushewar iska. A Arewa, daga Maris zuwa Mayu, ba abin mamaki ba ne zafi ya haura digiri 40 kullum, wani lokaci ya kusanci 45. A Afrilun 2024, ana cikin azumi, birnin Kayes na Mali ya ga digiri 48.5, kuma zafin ya game yankin Sahel gaba ɗaya.

Mutumin da ke aikin ƙarfi a irin wannan rana yana iya zubar da lita guda ta gumi a cikin awa ɗaya. Saboda iskar a bushe take, gumin yana bushewa nan take, shi kuwa bai san yawan ruwan da ya fita daga jikinsa ba. Ka duba masu sharar gona kafin damina, masu noman rani da ke ban-ruwan dankalin Turawa a gefen Dutsi, 'yan kabu-kabu, 'yan ga-ruwa, masu buga bulo, masu dakon kaya ranar kasuwa, da makiyayan da ke bin dabba tun safe da 'yar gora guda. Duk suna cikin sahun farko.

Bincike ya tabbatar da hakan a wasu ƙasashe. A Italiya, a 1993, an duba ma'aikatan wata masana'antar gilashi: cikin masu aiki kusa da wuta kashi 8.5 cikin 100 suna da tsakuwa, cikin waɗanda ke aiki a wuri mai sanyi kuwa kashi 2.4 ne kawai.

Sai batun samun ruwan kansa. A cikin kwarin Dallol Mauri ruwa ba shi da nisa, rijiya gaba kaɗan ta isa. Amma a garuruwan da ke kan tudu da fako, rijiya takan yi zurfi ƙwarai, kuma da bazara mata kan ɓata rabin wuni a bakinta ko a layin famfo. Gidan da ke auna ruwa da jarka, na girki da na alwala da na dabbobi, ba ya tunanin cewa kowa ya sha lita uku.

Mata suna da tasu matsalar ta daban. Mai talla a kasuwa ko ɗaliba a makarantar da ba ta da makewayi mai kyau takan rage shan ruwa da gangan don kada fitsari ya matse ta. Rage ruwa da riƙe fitsari suna buɗe ƙofa ga sanyin fitsari, shi kuma idan yana dawowa ba a yi maganinsa daidai ba, yana iya haifar da tsakuwa.

Akwai kuma tsargiya, wadda yara ke ɗauka a tabkuna da damina. Har yanzu a wasu ƙauyuka ana ɗaukar fitsarin jini ga yaro namiji a matsayin alamar girma. Tsutsar tsargiya tana zuba ƙwai a bangon mafitsara da bututun fitsari, wurin ya yi tabo ya ƙuntata, fitsari ya riƙa kwanciya. Nijar ta fara rabon maganin praziquantel ga jama'a, musamman 'yan makaranta, tun 2004. Iyayen da ke hana 'ya'yansu karɓa suna jawo musu wahalar da za ta bayyana bayan shekaru.

Yara ma ba su tsira ba

A ƙasashen Sahel, likitocin tiyata sun saba da wata tsakuwa da ba a cika gani a Turai ba yanzu: tsakuwar mafitsara a ƙananan yara, galibi maza 'yan ƙasa da shekara goma. Tana da alaƙa da yaye yaro da kunu ko koko zalla, ba nono ba madara, ga yawan gudawa da ke ƙarar da ruwan jiki.

Alamunta ba su ɓuya. Yaro yana kuka duk lokacin fitsari, fitsarin yana yankewa ya dawo, yana jan gabansa da hannu, wani lokaci sai ya tsuguna ko ya kwanta ta gefe kafin ya fito. Uwar da ta ga haka ta kai shi likita. Tun 2006 dokar Nijar ta tanadi kula da yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta a cibiyoyin gwamnati. Rigakafin kuwa shi ne nonon uwa zalla wata shida, a ci gaba da shayarwa har shekara biyu, a riƙa sa nono, ƙwai, wake ko kifi cikin abincin yaro, a kuma ba shi ruwan gishiri da suga da zarar gudawa ta fara.

Abin da ke cikin tukunya da kofi

Bayan ruwa, gishiri ne na biyu. Duk lokacin da ƙoda ke fitar da gishirin da ya yi yawa, tana jan kalsiyam tare da shi zuwa cikin fitsari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a rana, wato ƙaramin cokalin shayi guda, har da wanda ke ɓoye cikin abinci. Dunƙulen ɗanɗano da ake jefawa uku-huɗu a miya, kusan rabinsa gishiri ne. Ga yajin tsire, ga kilishi, ga busasshen kifi, ga taliyar leda da samari ke dafawa da dare. Kanwa ma ɗauke take da sinadarin sodiyam iri ɗaya da na gishiri, don haka jiƙa ta a sha a matsayin maganin ciwon ciki ƙarin nauyi ne ga ƙoda da zuciya.

Na uku nama. Yawan cin jan nama da kayan ciki, irin su hanta da ƙoda, yana ƙara yurik asid kuma yana rage sinadarin sitiret, wanda shi ne ke hana ƙwayoyin gishiri mannewa da juna. A ƙauye wannan ba shi ne babbar matsala ba, sai dai da Babbar Sallah. A birni kuwa, wanda ya samu 'yan kuɗi yakan mayar da balangu abincin kowane dare.

Na huɗu zaƙi. Lemon kwalba da sauran abubuwan sha masu suga suna ƙara haɗarin, kuma ba sa maye gurbin ruwa. Haka shayin fada, mai kauri da suga, wanda samari ke sha zagaye uku a ƙaramin kofi: ganyen shayi yana da okzalet, ruwan da ke cikin kofin kuwa bai kai kurɓa biyu ba. Ba a ce a bar fada ba. A ajiye buta ko gorar ruwa kusa da gawayin, kowane zagaye a bi shi da kofi guda.

Wasu abincinmu suna da okzalet da yawa: alayyafo, gyaɗa, riɗi, kuɓewa da waken suya. Ga mai lafiya babu dalilin guje musu, domin amfaninsu ya fi. Wanda aka tabbatar yana da tsakuwar okzalet shi ne zai rage, ya kuma riƙa haɗa su da nono ko wani abinci mai kalsiyam.

Ra'ayoyi huɗu da ya kamata a gyara

Na farko, tsakuwar da ke cikin shinkafa ko rairayin da ke cikin gero ba su ne ke zuwa ƙoda ba. Abin da aka haɗiye yana bin hanji ya fita ta bayan gida. Tsakuwar ƙoda a cikin fitsari take taruwa.

Na biyu, barin shan nono ba magani ba ne. Mutane da yawa, da sun ji an ce tsakuwar kalsiyam ce, sai su daina fura da nono. Wannan kuskure ne. Kalsiyam ɗin da ke cikin abinci yana kama okzalet tun a hanji, su fita tare, kafin ya shiga jini ya kai ƙoda. Wani bincike a Amurka da ya bi maza fiye da 45,000, wanda aka wallafa a 1993, ya nuna masu samun kalsiyam sosai daga abinci sun fi tsira. A 2002 likitoci a birnin Parma na Italiya sun gwada maza 120 masu fama da tsakuwa: cikin 60 da aka rage wa kalsiyam, 23 ta dawo musu, cikin 60 da aka bar musu kalsiyam aka rage gishiri da nama, 12 ne kawai. Ƙwayoyin kalsiyam da na bitamin C masu ƙarfi da ake saye ba da umarnin likita ba, su ne abin taka-tsantsan.

Na uku, ruwan rijiya mai ɗan gardi ko mai barin fari a gindin tukunya bai kai rashin shan ruwa illa ba. Abin nema shi ne ruwan ya kasance mai tsabta, a tace ko a tafasa in ana shakka, kuma a sha shi da yawa.

Na huɗu, babu jiƙon da ke narkar da kowace irin tsakuwa cikin kwana uku, kamar yadda masu lasifika a kasuwa da masu talla a Facebook da TikTok ke faɗa. Tsakuwar yurik asid ce ake iya narkarwa da maganin asibiti. Ta kalsiyam ba ta narkewa. Idan mutum ya sha jiƙo tsakuwa ta fita, mafi yawa ƙarama ce da za ta fita ko da ruwa zalla ya sha. Wasu haɗe-haɗen kuma su da kansu suke lalata ƙoda.

Lokacin da ba a jira gari ya waye

Ciwon tsakuwa kaɗai ba kasafai yake kisa ba. Abin da ke kisa shi ne toshewa haɗe da ƙwayoyin cuta. A garzaya asibiti ba tare da ɓata lokaci ba idan ciwon kwiɓi ya zo da zazzaɓi da rawar sanyi, ko fitsari ya tsaya cak, ko amai ya hana ruwa zama a ciki, ko mai ciwon tana da juna biyu, ko an san ƙoda ɗaya ce gare shi. A irin wannan hali ƙwayoyin cuta suna iya shiga jini cikin sa'o'i.

Akwai kuma haɗarin da ke zuwa shiru. Lafawar ciwo ba ta nufin tsakuwa ta fita. Tana iya zama a maƙale, ƙodar tana kumbura ba zafi, har ta daina aiki cikin makonni ko watanni. Mutum yana ci gaba da harkarsa da ɗayar, ba zai sani ba sai ranar da ita ma ta samu matsala. Daga nan sai maganar wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako a babban birni, abin da ya fi ƙarfin yawancin gidaje.

Ƙwayoyin kashe zafi irin su diclofenac da ibuprofen suna aiki sosai a kan wannan ciwo, shi ya sa likitoci ke ba da su. Amma shan su barkatai, kwana da kwanaki, ga jikin da ba ruwa, yana iya durƙusar da ƙoda. Tiramol kuwa yana rufe ciwon ne kawai, ya bar mutum da wata sabuwar matsala.

Hanyar neman magani daga Arewa

Matakin farko shi ne cibiyar CSI mafi kusa, inda majo zai duba, ya ba da maganin zafi, ya tura gaba in da buƙata. Daga nan sai asibitin gunduma a Dogon Dutsi, sai babban asibitin jiha a Dosso. Gwajin fitsari, gwajin jini na aikin ƙoda, da hoton ciki da ake kira eko su ne ke nuna ko akwai tsakuwa da ko ƙoda ta kumbura. Hoton sikana ya fi nuna girmanta da inda ta tsaya.

Girman ne ke yanke hukunci. Wadda ba ta kai milimita 5 ba, akasari takan fita da kanta cikin mako huɗu zuwa shida, da ruwa da maganin zafi, wani lokaci da maganin tamsulosin mai sassauta bututun. Wadda ta haura milimita 10 da wuya ta fita sai an yi aiki. Ana iya farfasa ta daga waje da na'ura, dabarar da aka fara a birnin Munich na Jamus a 1980. Ana iya zura siririn bututu mai kyamara ta hanyar fitsari a fasa ta da leza, ko a huda ƙaramar kafa ta baya a ciro babba. Inda babu waɗannan na'urori, tiyatar yanka ake yi, kuma tana warkarwa.

Ƙwararrun likitocin hanyar fitsari sun fi yawa a Yamai, a asibitin Amirou Boubacar Diallo da aka fi sani da Lamorde, da babban asibitin Référence da aka buɗe a 2016. Mutanen kan iyaka kuma sun daɗe suna tsallakawa Birnin Kebbi da Sakkwato, inda asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ke da cibiyar cututtukan ƙoda da mafitsara. Rufe iyakar da ya biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023 ya nuna yadda wannan hanya ke iya yankewa dare ɗaya. Kowace hanya aka bi, akwai kuɗin mota, na mai jinya, na abinci da na gwaji, ga aikin gona da ya tsaya.

Wata shawara da ake yawan mantawa: mai ciwo ya riƙa fitsari ta cikin rariya ko ƙyalle mai tsabta. In tsakuwar ta fito, a adana ta a kai wa likita. Sanin irinta shi ne ke nuna abin da za a rage a abinci.

Rigakafi: abin da kowa zai iya yi

Wanda ya taɓa yin tsakuwa, kusan rabi takan dawo musu cikin shekara biyar zuwa goma idan ba su canza komai ba. Amma ruwa kaɗai yana rage hakan ƙwarai. A wani gwaji na shekara biyar da aka wallafa a 1996 a kan mutum 199, tsakuwa ta dawo wa kashi 27 cikin 100 na waɗanda suka ci gaba da shan ruwa yadda suka saba, da kashi 12 kacal na waɗanda aka sa su ƙara sha.

Ma'aunin shi ne mutum ya fitar da fitsari lita biyu zuwa biyu da rabi a rana. Ga mai zaman ofis ko shago, wannan yana nufin shan kusan lita uku, wato robar lita ɗaya da rabi sau biyu. Mai aiki a rana yana buƙatar fiye da haka. Tunda ba kowa ke auna lita ba, a duba launin fitsari: in ya yi haske kamar ruwan da aka ɗan matsa lemon tsami, an sha daidai, in ya yi duhu kamar shayi, jiki yana neman ruwa.

Kada a jira ƙishirwa. A ɗaura shan ruwa da abin da ake yi kullum: kofi biyu da asuba, kofi biyu bayan kowace sallah, kofi guda kafin barci. Da hunturu ma haka, domin sanyi yana ɓoye ƙishirwa alhali iska tana busar da jiki. A riƙa matsa lemon tsami a ruwa ba tare da tula suga ba, saboda yana ɗauke da sitiret. Kankana, gurji da sauran kayan lambu suna taimakawa. A rage dunƙule, a koma ga daddawa, albasa, tafarnuwa da citta. Masu ciwon zuciya ko waɗanda ƙodarsu ta riga ta raunana su kam likita ne zai faɗa musu adadin ruwan da za su sha.

Da azumi, a rarraba ruwan daga buɗa-baki zuwa sahur, maimakon a ɗura shi lokaci guda. A rage gishiri da shayi mai kauri a sahur, a mayar da aikin ƙarfi safiya in zai yiwu. Wanda ke da tsakuwa a jiki ko ƙoda ɗaya ya tuntuɓi likita kafin wata ya kama. Addini ya yi wa mara lafiya rangwame ya rama daga baya.

Ga 'yan cirani da mazauna birni

Matashin Arewa da ke aikin gini a Libiya ko Aljeriya, ko haƙar zinari a Djado, ko kiwo a Saudiyya, yana cikin zafin da ya fi na gida, kuma sau da yawa a wurin da ruwa ke da tsada. Rage kuɗin ruwa don a tara na aikawa gida ciniki ne mai asara, musamman ga wanda ba shi da takardun da za su ba shi damar shiga asibiti. Wanda ke Turai ko Amurka kuma nasa haɗarin yana cikin abincin leda mai gishiri, lemon kwalba da ƙiba.

Idan aka bugo waya daga gida aka ce Baba ko Inna na fama da ciwon kwiɓi, akwai tambayoyi uku da suka fi gaggawar aika kuɗi: Akwai zazzaɓi? Fitsari yana fita? An yi eko? Kuɗin da aka aika a ce na hoto da gwaji ne, kuma a nemi a turo hoton takardar sakamakon ta WhatsApp. Bayan ciwo ya lafa, a dage a koma a sake dubawa don tabbatar da cewa tsakuwar ta fita.

Ƙungiyoyin 'yan asalin gari da ke tara kuɗi a Yamai, Kwatano ko Abijan suna iya sa famfo, randunan ruwa a tasha da kasuwa, da makewayin 'yan mata a makaranta cikin ayyukan da suke yi wa garuruwansu. Masu gonaki da 'yan kwangilar gini su tanadi ruwa da inuwa ga leburori. Hukumomin gundumomin biyu kuma, tare da gidajen rediyon al'umma, suna da damar fara faɗakarwa tun watan Fabrairu, kafin bazara ta kankama, da harshen da manomi a Matankari, Dankasari, Gesheme ko Kore Mairuwa zai ji ya gane: ya fita gona da jarkar ruwa, ya kuma duba launin fitsarinsa kafin ya kwanta.